Yadda Injiniya Ya Ceci Fitilar Baya

Sunan Injiniya ba a makaranta ya samo shi ba. Labule da darduma yake sayarwa a bakin kasuwa. Wata rana ce ya kwance keken ɗinkin matarsa don ya gyara, ya mayar ya haɗa, sai ga noti huɗu sun yi saura a faranti. Ya dube su, ya ce kamfani ne ya saka su don almubazzaranci. Keken bai sake ɗinki ba, amma sunan ya zauna daram, kuma shi bai taɓa gane cewa da dariya ake kiransa ba. Ko waya ya ɗaga, da "Injiniya ke magana" yake farawa.

Yayansa manomi ne, mutum mai ƙarancin magana. Yana da gonar kaji da kayan lambu can bayan gari inda kwalta ta ƙare, da wata tsohuwar jif fara mai cin laka da rami. Ita ce ƙafar gonar: ita ke kai abincin kaji, ita ke dawo da ƙwai da kwandunan tumatir. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa ta, ko ƙwarzane babu a jikinta. Da ciwon baya ya kwantar da shi, likita ya hana shi tuƙi har wata guda, sai ya kira ƙanin nasa ya miƙa masa makulli daga kan gado.

"Litinin da Alhamis ka kai abinci, ka ɗauko ƙwai. Kada ka ƙara mata komai, kada ka rage mata komai."

"Haba Yaya! Mota a hannun injiniya? Ai ta zo gida."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Yaya, ya juya fuska bango.

Ranar Litinin ta farko, Injiniya yana ribas a gona, kansa a waje ta taga yana koya wa maigadi yadda gwanaye ke juya mota ba tare da sun waiwaya ba, sai aka ji ƙas! Reshen mangwaro ya shige fitilar baya ta hagu. Ya dawo gari ya sayi sabuwa a shagon kayan mota, aka ɗaura masa cikin minti goma. A hannun kowane mutum nan labarin zai ƙare.

Da yamma ya zauna a tsakar gida da kwalin labule da biro, yana ta ja layi.

"Kin san matsalar masu ƙera motoci?" ya tambayi matarsa. "Ba su taɓa shiga daji ba. Sun yi mota kamar giwa, sun bar mata idon baya tsirara. Kowane reshe ya ga dama ya tsokale shi."

"Reshen ne ya biyo ka, Maigida, ko kai ka bi shi?"

"Wannan ba tambayar ilimi ba ce. Garkuwa zan yi mata. Keji na ƙarfe, ɗaya dama ɗaya hagu. In na gwada a motar Yaya, duk direbobin gona da na kwasar dutse sai sun yi layi a ƙofar nan. Labule kuwa, na bar wa masu ƙaramin tunani."

"Yaya ya ce kada a ƙara komai."

"Kariya ba ƙari ba ce."

Washegari ya kai zanen wurin mai walda. Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa, ya juya kwalin sama, ya juya shi ƙasa.

"Kejin zaki ne ko na kura?"

"Na fitila."

"To, ai ana yin irinsa. Siririn ƙarfe ake sawa, marar nauyi, don tsakuwa da ƙananan rassa. Kuma a ƙarfen bamba ake kafa shi, inda akwai ƙashi. Kai kuma ka zana rodin taga mai kaurin yatsa. A ina za ka ɗaure shi?"

"A jikin motar mana, gefen fitilar. Noti huɗu-huɗu."

"Injiniya, jikin mota a wurin nan bai fi gwangwanin madara kauri ba. In wani abu ya daki kejin, ƙarfen ba zai lanƙwashe ba, jikin ne zai sha. Za ka ceci ido ka fasa kai."

"Kai walda aka koya maka, ni tsari nake yi. Kowa ya tsaya a layinsa."

"Na tsaya. Keji zan yi maka yadda ka zana, amma hannuna ba zai huda motar yayanka ba. Ina gaisawa da mutumin nan."

Kejin biyu suka fito, kowanne sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Injiniya ya shafe su da jan fenti, ya aro injin huda, ya faka motar a ƙofar gida da hantsi don kada wani ya ce bai gani ba. Wanzamin da shagonsa ke kallon gidan ya fito da bencinsa. Telan kusa da shi ya dakatar da keke, ya leƙo da tef a wuya.

"Za a yi wa motar kaciya ne?" in ji wanzami.

"Ku dai ku kalla ku ƙaru."

Rami na farko ya fita lafiya. Na biyu ya karkace, sai ya huda wani kusa da shi, ya ce na farkon na shan iska ne. A rami na biyar injin ya yi wata 'yar ƙara, wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen fitilar, wari kamar an ƙona takalmin roba.

"Injiniya, motarka na shan taba," in ji tela.

"Fenti ne ke gaisawa da ƙarfe. Haka ake yi."

Kafin azahar an ɗaure keji biyu da rami goma sha uku maimakon takwas. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Motar ta yi kama da wadda aka yanke wa fitilunta hukuncin ɗaurin rai da rai. Ya shiga ya tayar, ya ce wa wanzami ya tsaya a baya ya faɗi abin da ya gani.

"Taka birki!"

Ya taka.

"Sigina ta kama, dama da hagu gaba ɗaya."

"To yanzu na sa siginar hagu."

"Ta dama ce ke ƙiftawa."

Injiniya ya fito yana kaɗa makulli. "Da gangan ne. Wanda ke bin ka a baya da mugun nufi ba zai taɓa sanin inda za ka ba."

"Wanda ke bin ka da kyakkyawan nufi fa?"

"Ya yi haƙuri."

Ranar Alhamis ya je ɗaukar buhunan abincin kaji. Masu lodi suka kama ƙofar baya za su buɗe, ta taho kamar tafin hannu ta ce ƙwam a jikin kejin dama, ta tsaya. Suka ja, suka tura, ko kyanwa ba za ta shige ba.

"Oga, ƙarfenka ya tare ƙofa."

"Maganin ɓarayi ke nan. Ku shigar ta gaba."

Buhu goma sha biyu aka cusa ta ƙofar fasinja, aka tsallake kujeru da su, biyu suka fashe. Ya isa gona fari fat da dusa tun daga hula har takalmi, kaji suka biyo shi suna tsattsagar ƙafar wandonsa. Ƙwai kuma ta taga aka riƙa miƙa su tire-tire, maigadi yana miƙawa yana salati.

An yi ruwa a daren jiya, hanyar duk taɓo. Tayoyin baya suka riƙa watsa laka, kejin suka riƙa karɓa suna ajiyewa, har fitilun suka koma kamar tubali biyu. A wata 'yar ƙuntatacciyar kwana kejin hagu ya saƙalo shingen ƙaya na wani mai lambu. Injiniya ya ji motar ta ɗan yi nauyi, ya ce injin ne ke neman a ba shi wuta, ya ba shi. Haka ya shigo gari, inda ruwan bai sauka ba, yana jan reshen ƙaya mai tsawon mutum uku, da tsumma, da leda, da wani wandon da aka shanya, ƙura na tashi a bayansa kamar garken shanu ya wuce.

Da ya tsaya a ƙofar gida wanzami ya taso ya ba shi hannu.

"Allah ya saka da alheri. Shekara biyu muna roƙon a share layin nan."

Tela kuwa wandon ya ɗaga ya duba. "Wannan ba ɗinkina ba ne. Daga wata unguwar ka kwaso shi."

Injiniya ya sa tsinke yana ƙwaƙulo laka daga tsakanin rodin, don hannu ba ya shiga, soso ma ba ya shiga. "Ku dubi fitilar," ya ce. "Ƙaya ta taɓa ta? Ko ɗigo. Da babu garkuwa da yanzu wani zancen ake."

Matarsa ta leƙo daga zaure. Ita ba fitilar ta duba ba. Gefen motar ta duba, inda notin sama ya fara ɗago jikin kamar murfin gwangwanin da aka fara buɗewa, ruwan laka yana shiga ramukan shan iska.

"Maigida, wurin nan ya kumbura."

"Yana sabawa ne."

"Ka cire abin nan tun Yaya bai ji ba."

"In cire? Jibi Asabar zan nuna shi a filin direbobi. Na riga na gaya wa shugabansu. Ki shirya zama matar mai kamfani."

Ita kuwa ta shirya mayafinta, ta tafi duba jikin Yaya.

Filin direbobi wani fage ne a bayan tasha inda masu jif da a-kori-kura na hanyar gona da ta kwasar dutse ke jiran lodi. Ranar Asabar da hantsi sun kai su talatin, wasu a kan benci, wasu a kan bonet. Shugabansu dattijo ne mai furfura a gemu, wanda ya yi shekara talatin yana fitar da mota daga rami. Wanzami da tela ma sun rufe shago sun biyo, sun ce irin wannan ba a jin sa a bakin wani.

Injiniya ya zo da wankakkiyar mota da sabuwar riga da guduma. Ya hau kan wata tsohuwar taya.

"'Yan'uwa direbobi! Fitila nawa kuka fasa a bana?"

"Da yawa!"

"Daga yau an gama. Wannan da kuke gani, ni na zauna na ƙirƙiro shi da kaina. Ba a yi shi a waje ba, ba a yi shi a cikin gida ba, sai a nan." Ya nuna goshinsa.

"Wurin da faɗi kuwa," wani ya ce daga baya.

Ya sauko ya ɗaga guduma, ya maka wa kejin dama. Ƙarfe ya yi ƙara, fitila ko gezau. Aka yi tafi. Ya sake makawa, aka sake tafi. A bugu na uku jikin motar ya lotsa a gefen noti, fenti ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Injiniya ya matsa da sauri ya jingina a wurin, ya harɗe ƙafa kamar mai ɗaukar hoto.

Shugaban direbobi ya shafa gemu. "Malam Injiniya, mun gani. Sai dai mu a daji ba a bin mu da guduma. Kututture ne ke samun mu, da dutse, in muna ribas. Ni na taɓa sa irin wannan, ƙarami, a kan bamba. Ya tare min tsakuwa, ban ce bai yi ba. Amma naka a fatar mota yake. In ya haɗu da abin da ba ya motsi, ina ƙarfin zai tafi?"

"Zai watse a iska, Shugaba. Lissafi ne."

"To."

"Ba ka yarda ba? A nuna min abin da ba ya motsi!"

Hannu talatin suka nuna wuri ɗaya: wani guntun dogon ƙarfe da aka kafa da siminti a bakin filin, wanda ake ɗaura sarƙa a jikinsa. Tirela ta taɓa dukansa, tirelar aka ja.

Injiniya ya shiga mota. Daidai lokacin wata tasi ta tsaya a bakin fili, matarsa ta fito, ta buɗe ƙofar baya, Yaya ya sauko a hankali yana dogara sanda. Ya tsaya yana kallon jan kejin da ke bayan motarsa kamar mai ƙoƙarin tuno inda ya san ta.

Injiniya ya hango shi ta madubi. Da wani ne, da ya kashe mota. Shi kuwa ya leƙo ta taga ya ɗaga hannu.

"Yaya, ka zo a daidai! Tsaya ka ga abin da na yi maka!"

Ya sa ribas. Niyyarsa ya taɓa ƙarfen a hankali, amma idon mutum talatin da na yayansa suna kansa, ƙafarsa ta ga a hankali bai dace da mai kamfani ba. Motar ta zabura da baya.

Ƙarar ba irin ta fashewa ba ce, irin ta taka babban gwangwani ce. Kejin hagu ya daki ƙarfen, bai lanƙwashe ba ko kaɗan, mai walda ya yi aikinsa da gaskiya. Sai ya nutse cikin jikin motar gaba ɗayansa, ya tafi da gefen har kusa da taya. Gilashin gefe ya ce tas, ya zube. Ƙofar baya, wadda ta ƙi buɗuwa kwana uku, ta buɗe da kanta, ta karkace, ta rataye a kan maɗauri ɗaya.

Masu benci da masu bonet suka zuba wa motar ido.

"Kada kowa ya damu!" Injiniya ya yi ihu. "Gwajin bai ƙare ba!"

Ya sa giya ɗaya don ya matsa gaba. Rodin kejin ya riga ya saƙale a ƙugiyar sarƙa. Motar ta yi gaba, kejin ya ce shi yana nan. Aka ji ƙiiii, kamar ana yage sabon yadi, gefen motar ya tsage daga rami zuwa rami, ramukan noti da na shan iska na wannan gefen duk suka haɗa kai suka ba da hanya. Jif ta tsaya taku biyar a gaba, ana hango kujerar baya ta gefenta. Kejin kuwa ya zauna a jikin ƙarfen da guntun farar fatar mota, fitilar tana cikinsa, wayoyinta sun miƙe kamar igiyar shanya.

Ƙafar Injiniya tana kan birki, don haka fitilar tana ta ƙiftawa.

Wanzami ne ya fara. Dariyar ta kama benci, ta haye bonet, wani direba ya sulale ƙasa yana riƙe ciki, tela yana share hawaye da tef. Injiniya ya fito, ya dubi motar, ya dubi jama'a, ya taka har wurin kejin, ya durƙusa ya leƙa.

"Ku zo ku duba!" ya ce da ƙarfi. "Ku zo da idonku! Ko tsagewa ba ta yi ba! Me na ce muku?"

"Gaskiya ne," in ji Shugaba. "Fitila ta tsira. Motar ce dai ba ta samu garkuwa ba."

Yaya ya tako da sandarsa, mutane suna buɗa masa hanya. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya sa yatsa a bakin yagewar, ya cire. Ya daɗe yana tsaye, har masu dariya suka fara jin kunya.

"Litinin akwai ƙwai tire arba'in," ya ce a hankali. "Da tumatir da ba zai kai Laraba ba."

"Yaya, in ka duba ta fuskar ilimi..."

"Ba ni makullin."

Ya miƙa.

"Fitilar kuma ka riƙe. Kai ka cece ta, taka ce. Litinin da asuba ka zo gona da kafaɗarka."

Shugaba ya ce zai ba da a-kori-kura ta kwashe tumatir, ƙwai dai a bar wa Injiniya, tunda shi ya san lissafin abin da ke fashewa. Yaya ya gyaɗa kai, ya juya wurin tasi.

Ana cikin haka wani ƙaƙƙarfan mutum mai tabon fenti a riga ya ratso taron. Ya tsuguna a gefen motar, ya shafa lotsawar da tafin hannu yadda ake shafa doki mai tsada, ya miƙe yana murmushi, ya kama hannun Injiniya da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, kai ka ƙera wannan?"

"Ni ne," in ji Injiniya, ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa.

"Ina son guda ashirin. Irin wannan sak, kada a rage kauri."

Injiniya ya waiwaya ya dubi matarsa, ya dubi wanzami, ya ɗaga murya yadda Yaya zai ji daga tasi. "Kun ji ko? Wanda ya san abu ya gani! Motoci nawa gare ka, Alhaji?"

"Ko ɗaya. Kyauta zan raba wa direbobin nan."

"Kyauta? Kai kuwa wace sana'a kake yi?"

Mutumin ya nuna wata rumfa a tsallaken titi, inda ƙofofin mota da bonet suke jingine a bango, wani yana ta bugun lotsattsen ƙarfe da guduma.

"Gyaran jikin mota," ya ce. "Kasuwa ta yi sanyi bana."